Mai ɗinkin bargon ulu a tsohuwar kasuwar Konya: aiki ya yi kyau, alkawari ne sai a hankali

Mu matan da ke zaune a Konya ta ƙasar Turkiyya, musamman 'yan unguwar Bosna Hersek da ke maƙwabtaka da Jami'ar Selçuk, da zarar sanyi ya fara ja da baya tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakaninmu: yaya ake wanke bargon nan mai nauyi da Turkawa ke kira yorgan? Wata ta ce a kai wa masu wankin kafet, wata ta ce ai injin wankinta yana da tsarin wankin ulu. Ni dai amsar da na samo ita ce, bargon da aka cusa wa gashin tumaki aka ɗinke da hannu ba a wanke shi a ɗinke. Farke shi ake yi, a wanke ulun daban, a shiɓe shi, a mayar, a sake ɗinkewa. Akwai masu wannan sana'a har yanzu, kuma a kan shagon ɗaya daga cikinsu nake wannan rubutu.

Namu bargon mai gidan da muke haya ce ta ba mu shi a hunturun farko, ranar da ta hau sama ta tarar da ni da yara mun lulluɓa da siraran barguna na roba da muka zo da su daga gida. Ta kalle mu, ta kalli barguna, ta sauka ba ta ce uffan ba, sai ga jikanta ya hawo da ƙatoton abu a kafaɗa. Konya tana kan tudu, sama da mita 1,000 daga doron teku, kuma daren Janairu yana sauka ƙasa da sifili ba tare da neman izinin kowa ba. Ga kuɗin gas na ɗumama gida da ke cinye rabin tallafin karatun maigida. Tun daga daren nan muka koma rage hita idan za mu kwanta. Bargon na mutum biyu ne, santimita 195 a 215, fuskarsa yadin satin ne ruwan goro, bayansa farin yadin auduga, tsakiya kuwa ulu zalla. Yana da nauyi, amma ba ya sa gumin nan mai danƙo da bargon roba ke sawa, domin ulu yana shan laima har kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa kafin ki ji shi a jiƙe.

Abu biyu suka kai ni shagon. Na farko, shekaru sun sa ulun ya taru curi-curi a gefuna, tsakiya ta zama fayau, har idan kika ɗaga shi ta wajen taga kina ganin haske yana ratsawa. Na biyu, autana bai daina fitsarin kwance ba a lokacin, ya kuma yi wa bargon hidima ba sau ɗaya ba.

Shagon yana cikin lungunan tsohuwar kasuwar Bedesten, yankin da ke tsakanin masallacin Kapu da na Aziziye. Daga unguwarmu jirgin ƙasa na cikin gari za ki hau zuwa Alaeddin, sauran kuma tafiyar ƙafa ce. Ki tafi da namiji ko babban yaro, ɗaukar bargon a cikin cunkoso ba wasa ba ne. Ba za ki ɓata ba: za ki hango barguna masu sheƙi, ja da kore da ruwan hoda, an rataye su daga rufi har ƙofa. Ciki ɗan ƙarami ne. Rabinsa wani dandamalin katako ne da ake cire takalmi kafin a hau, nan dattijon yake zama. Kowa Usta yake ce masa, kamar yadda ake kiran duk ƙwararren mai sana'a a nan, ni ma haka na bi. Shi kuma yenge yake ce min, wato matar ɗan'uwa, tunda da maigida muka je.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai tambayi komai ba sai da ya auna. Ya rataye bargon a sikeli a gabanmu, ya nuna mana: kilo huɗu da ɗan ɗoriya. Ya rubuta a 'yar takarda ya soke ta a jikin yadin da fil. Sannan ya sa almakashi ya ɗan farke kusurwa ɗaya, ya zura yatsu biyu ya zaro ulu, ya ja shi a hankali a gaban idonsa, ya kai hanci ya sansana. Ya ce ulun na kirki ne, dogon gashi ne, ba a gauraya shi da tsumma ko zaren roba ba, ya cancanci a wahala a kansa. Ya ce da gaurayayye ne da ya faɗa mana mu riƙe kuɗinmu. Ban san ko haka yake faɗa wa kowa ba, sai dai a zaman da muka yi na ga ya mayar da wata mata da nata a kan wannan dalilin, ta fita tana gunaguni.

Da na tambaye shi batun injin wanki, bai amsa da baki ba. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo wani bargo da aka kawo masa, ya jefo min. Fuskar yadin ta yamutse, ɗinkin ya tattare, duk bargon ya motse ya rage faɗi. Ya farke gefe ya nuna min cikin: ulun ya haɗe ya zama wani faifai mai tauri, na sa ƙarfina na ja da hannu biyu bai rabu ba. Ya ce wannan ko injinsa ba zai dawo da shi yadda yake ba.

Dalilin a bayyane yake ga wadda ta san yadda gashin tunkiya yake. Kowane silin ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, a jere, duk suna fuskantar gefe ɗaya. Idan ruwan zafi da sabulu suka shiga, ɓawon sai ya buɗe, idan kuma aka haɗa da cuɗawa da jujjuyawa, silin ya sarƙe da ɗan'uwansa, ba ya komawa baya. Mutanen Konya sun fi kowa sanin haka, don da gangan suke yinsa. Doguwar hular nan ta darwishan ɗariƙar Maulana Jalaluddin Rumi, wanda ya rasu a garin a 1273, da dannannen ulu ake yin ta: ruwan zafi, sabulu, sai murza da dannawa har ulun ya zama abu ɗaya. Abin da masu hula ke biyan ma'aikata su yi, shi injin wankinki zai yi wa bargonki kyauta cikin awa guda.

A nan ne na ci karo da abin da babu wanda ya faɗa min tun farko: Usta ba ya wanki. Shi farkewa, shiɓa da ɗinki ne aikinsa. Ya warware zaren gaba ɗaya, ya zuba ulun a buhu biyu, ya naɗe yadin daban, ya ce mu je mu wanke mu dawo idan ya bushe. Akwai matan da yake iya haɗa ki da su su wanke miki a biya su, amma mai gidan hayarmu da ta ji haka ta ce ina, tana raye ba za a kai ulun da ta yi aure da shi hannun baƙi ba.

Don haka wankin a bayan gida muka yi shi, ni da Teyze, haka muke kiranta. Manyan robobi biyu, ruwa mai ɗan ɗumi wanda ba ya wuce digiri 30, da ruwan sabulun da aka yi don ulu. Ta hana ni kusantar garin sabulun wankinmu na kullum, kuma tana da gaskiya: yawancinsu suna ɗauke da sinadaran da aka zuba don su narkar da tabon jini da ƙwai da nama, shi kuwa ulu da gashin kanki abu ɗaya ne, sinadarin ba ya bambancewa. Bilic kuwa narkar da shi yake yi ƙurmus. Muna zuba ulun kaɗan-kaɗan, mu danna shi ƙasa da tafin hannu, mu bar shi ya jiƙa, mu ɗago, mu zubar da ruwan, mu sake sabo. Babu cuɗawa, babu murɗawa. Ta ja min kunne kada ruwan ɗauraya ya fi na wankin sanyi ko zafi, sauyin nan na farat ɗaya ma yana sa shi haɗewa. Ruwan farko da ya fito, launin shayi ne da madara, na ji kunya na kuma ji tsoron abin da muka yi ta shaƙa. Sai da ruwa ya fito garau muka kwashe a kwandon roba ya tsane da kansa, sannan muka baza a kan tsofaffin zannuwan gado a rufin gida.

Konya ta dace da wannan aiki. Tana cikin yankunan da suka fi ƙarancin ruwan sama a Turkiyya, abin da ke sauka a shekara ba ya kai milimita 400, Yuli da Agusta kuwa rana ce da busasshiyar iska. Duk da haka ulu mayaudari ne. Samansa zai bushe, ki taɓa ki ji shi rau, amma tsakiyar curin da sauran laima. Teyze tana yaga curi ta manna a kumatunta, idan ta ji sanyi-sanyi ta mayar. Wanda aka ɗinke da laima a ciki, funfuna da wari ne ƙarshensa.

Ranar da muka mayar, Usta ya sake aunawa. Ya ragu da kusan rabin kilo, ƙura da datti da guntayen gashi sun tafi. Injin shiɓar yana wani ɗan ɗaki a baya: ganga ce mai haƙoran ƙarfe tana juyawa, a tura curin ulu ta nan, ya fito ta can a warware, ya kumbura har buhu biyu suka koma kusan biyar. Ƙura kam ba a magana, mai asma ta tsaya a waje. A bango na ga tsohon bakan da mahaifinsa ya yi aiki da shi kafin zuwan inji, dogon itace da tsirkiya, da guduma ta katako da ake bugun tsirkiyar. Bakan shiɓar kakata ne sak, wanda take shiɓar auduga da shi kafin ta hau kaɗi, sai dai wannan ya fi mutum tsawo. Mu dai auduga muka sani, tumakinmu na gida, Yankasa da Uda da Balami, gashi ne da su gajere, ba su da ulun da za a yi bargo da shi, shi ya sa yawancinmu ba mu taso da sanin yadda ake kula da shi ba.

Ɗinkin shi ne inda kuɗin ya halatta. Na roƙi ya bar ni in kalla, ya ce in zauna kawai kada in yi ta tambaya. Ya shimfiɗa yadin ciki, ya baza ulun a kai da hannu, ya naɗe ya juya shi ya koma ciki, sannan ya ɗauko siririyar sanda ya shiga bugun bargon daga tsakiya zuwa gefe. Yana bugu yana shafawa da tafin hannu, inda ya ji tudu ya ƙara bugu, inda ya ji rami ya koro ulu can. Kusurwoyi huɗun nan ya fi daɗewa a kansu, ya ce nan ake gane aikin ganganci. Da ya gamsu sai ya yi dogayen ɗinkin riƙo don kada komai ya motsa, ya zana layuka da alli a kan satin ɗin, ya zauna ya ɗora bargon a gwiwa. Allurar doguwa ce, ƙarfen kare yatsa a ɗan yatsansa na tsakiya ya sha jiki har ya lotsa. Hannu ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa ba ka ganinsa, allura tana nutsewa tana ɓullowa, tazarar kowane ɗinki daidai da na bayansa. Yana yi yana sauraron rediyo, shayinsa yana hucewa a gefe.

Na so ya yi min zanen dawisu da na gani a rataye. Ya ce a'a, ga mai yara ƙanana zane mai yawan ɗinki ba shi da amfani. Bayaninsa ya shige ni: idan ɗinki ya yi yawa ya matsu, yana danne ulun, bargon ya yi kyau a ido amma ɗuminsa ya ragu, tunda iskar da ke maƙale a cikin ulun ce ke riƙe zafi. Idan kuma ya yi faɗi da yawa, ulun ya samu hanyar tafiya ya taru a gefe, mu koma gidan jiya. Ya zaɓa min zanen murabba'ai a karkace da suke kira yankan baklava, wani kayan zaƙi nasu, faɗin kowanne kamar tafin hannu, da layi uku a kewaye.

Yanzu ga inda ya ɓata min rai. Ranar da ya sa mana ba ita ce ranar da aka gama ba, ko kusa. Mun kai a lokacin da iyayen amare ke rububin barguna na kayan ɗaki, kuma a fili yake sabon ɗinki ya fi gyara kawo masa kuɗi, don haka namu ya yi ta komawa ƙasan tari. Idan maigida ya kira, amsa ɗaya ce: gobe in sha Allah. Rasit babu, 'yar takardar da ya soke da fil ita ce shaidarmu kaf. Na biyu, ya ƙara sabon ulu don cike abin da ya ragu ba tare da ya kira ya tambaya ba, sai a wajen biya muka ji ƙarin kuɗi. Ƙarin ya dace, ban musa ba, bargon yana bukata. Amma ɗalibi da lissafinsa yake fita, a tambaye shi mana. Sabon ulun kuma ya zo da warin tunkiya, musamman ranar da gari ya yi laima, sai da muka yi ta shanyawa a iska kafin ya tafi.

Na ukun shi ne wanda nake so kowace uwa ta riƙe. Da ya naɗe bargon zai sa a jaka, sai ya ɗebo ƙwayoyin kafur farare ya watsa a ciki, wai maganin asu. Na ce ya cire. Ya yi mamaki, ya ce haka ake yi tun kakanni. Irin wannan kafur na naftalin yana da haɗari ga jarirai da duk wanda aka haifa da ƙarancin sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, yana fasa jajayen ƙwayoyin jini ya kawo shawara mai tsanani, ko da ta shaƙa ce ko ta kayan da suka ɗauki warinsa. Wannan ƙarancin yana da yawa a cikinmu 'yan Afirka ta Yamma, ya fi yawa a maza, kuma da yawa ba su san suna da shi ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da shi a matsayin maganin asu tun 2008. Mu kuwa a gida har cikin kayan jarirai ake zuba shi don ƙamshi. Bargon da yaro zai sa fuskarsa a ciki dare guda cur ba wurin kafur ba ne.

Batun kuɗi, ba zan rubuta adadi da lira ba, ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022 ba a rubuta mata farashi a ajiye. Ki ɗauka dai abin da muka biya, haɗe da ƙarin ulun, zai saya miki sabon bargon roba mai kyau a kanti. Ki yi ciniki kafin ya sa almakashi, ki ce a faɗa miki kuɗin farkewa da shiɓa daban, na ɗinki daban, na kilon ulu daban. Katin banki bai karɓa ba, sai tsaba.

Da muka dawo da shi, bargon ya ninka kaurinsa na da, ya kuma fi sauƙin ɗauka a jiki duk da nauyin a sikeli bai sauya ba. Hunturu ya zo ya wuce, ulun bai gusa ba, zare ko ɗaya bai tsinke ba.

Abin da ya rage shi ne yadda za a yi kada a koma shagon da wuri, don irin wannan gyaran na bayan shekaru ne, ba na kowace bazara ba. Turkawa suna shimfiɗa farin zanen gado a ƙarƙashin bargon, su naɗo gefunansa sama, su riƙe da manyan ɗinki, ya zama zanen ne ke taɓa jiki, fuskar satin kuma tana waje ana ganinta. Idan ya yi datti a warware a wanke a mayar. Ni ban da wannan haƙurin, rigar bargo mai maɓalli na saya na zura shi ciki. Usta da ya ji ya ce to me ya sa ya wahalar da idonsa a kan zane. Ranar da yaro ya jiƙa shi, tawul busasshe nake dannawa nan take ya tsotse, in bi da ruwan sanyi da ɗan farin binega a wurin kaɗai, in sake dannawa, in kai shi iska. Shanya kuwa da hantsi, a kife, satin yana ƙasa don rana tana kashe launinsa, kuma a kan abu mai faɗi, ba siririyar igiya ba.

Ajiya a tsohon zanen auduga, ba leda ba, kuma shi ne a saman tari. Jakar nan da ake zuƙe wa iska tana da amfani ga mai tafiya, da ita ce kawai zai shiga akwati mai kilo 23, amma ki fito da shi da kin sauka, daɗewa a matse yana kashe kumburinsa. Asu kuwa tsutsarsa ce ke cin ulu, kuma gumi da tabon abinci ne ke janta, don haka tsabta kafin ajiya ta fi duk wani ƙamshi da za ki sa. Masu niyyar komawa gida da nasu, a Jos ko a sanyin Disamba na Kano da Katsina zai yi aiki sosai. Damina ce abin tsoro: ki riƙa fito da shi duk ranar da rana ta buɗe. Idan kin ga alamar asu, zafin da ya haura digiri 50 yana kashe shi da ƙwansa, kuma busasshen bargo a cikin baƙar leda a ranar Afrilu ta Arewa yana kaiwa nan cikin 'yan awanni. Ki tuna kuma a can babu Usta, idan ya lalace ya lalace.

Wani bargon kuma ba na wannan shago ba ne. Akwai na zamani, irin wanda ake haɗa ƙyallaye a ɗinke da keke a Amurka da Ingila, da na kanti masu siririn shimfiɗin ulu da aka sarrafa a masana'anta don kada ya haɗe. Wata maƙwabciyata ta kai irinsa, ya duba ya ce ba ya farkuwa. Irin wannan ki karanta takardar da ke jikinsa: idan an rubuta ana sa shi a inji, to tsarin ulu, digiri 30, sabulun ulu, a shimfiɗe ya bushe, kada ya ga injin busarwa mai zafi. Na hannu mai sakakken ulu kuwa, ki kai wa Usta a watan Mayu, kafin iyayen amare su cika masa shago, ki kuma ce masa tun a ƙofa ba kya son kafur.